Hali na Uku

Kwamfutar ta sake ƙin karɓar aikin. Wata ma'aikaciya ce ke rubuta manhajar asibiti da ita, kuma ita da kanta ta ƙayyade tun farko cewa majinyaci hali uku gare shi: yana kwance, an sallame shi, ko ya rasu. Biyu ta rubuta wa umarni. Na ukun ne jan rubutun gargaɗi da ke kan allon yake nema.

Wayar da ta kife tana ta ruri. Ta san ƙaninta ne, mai jinyar Mama da ke kwance rai a hannun Allah.

"Ƙanwata, layi ɗaya ne fa," in ji abokin aikinta. "Kwamfutar nan ba ta jin magiya."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"To, manhajar ba za ta wuce ba."

Ta rubuta layin. Jan ya ɓace.

Sannan ta juyo wayar.