Mariƙin Yatsu Uku

"Yaya, ba rashin kunya ba, tun da injin niƙa ya cinye maka yatsu biyu, me za ka yi da bindigar?"

Ƙanensa ke nan, ya taso daga ƙauye har Gyaɗi-Gyaɗi don ya tafi da bindigar gadonsu. Haka ake a gidansu na maharba: hannun da ya kasa riƙe ta, sai ya miƙa wa na baya.

Tsohon ya san yawon da ya sha bayan an sallame shi daga asibiti. Mariƙin roba, na katako, har na ƙasar waje, babu wanda bai gwada ba, amma duk don masu yatsu biyar aka yi su. 'Yarsa mai karatun jinya ce ta kwaɓo farin simintin ɗaurin karaya, ta ce, "Baba, damƙe wannan da iya ƙarfinka." Da ya bushe ta kai wa wani masassaƙi a Tarauni, ya fitar da mariƙi irinsa sak da icen ƙirya, aka ɗaura wa bindigar.

Ya zaro bindigar ya miƙa. "Ga ta. Saita mu gani."

Ƙanen ya karɓa, ya juya hannu, ya sake juyawa. Gurbi uku ne kacal a mariƙin. Yatsunsa biyu suka rasa mazauni, bakin bindigar sai rawa yake.

Tsohon ya karɓe abarsa, ta zauna a hannunsa daram.

"Ka gaida gida," ya ce. "Yatsun naka sun yi yawa."