Kayan da Malam Ya Mayar

Kwalin ya iso shagon Abdulrasheed a Kalgo bayan azahar, ɗaure da tsumman rawani. Ƙanwarsa Zahra'u ce ta kawo shi daga Gwandu, ko zama ba ta yi ba.

"Malam yac ce in kawo maka kayanka," in ji ta. "Wai ba shi kamawa."

Ya kwance. Tsohuwar na'urarsa ce ta wasan gem, irin wadda ake jonawa da talabijin, da kaset guda uku. Shekara ashirin rabonsa da ita.

Mako ɗaya kacal ya more ta. Mahaifinsa, Malam Ɗalha, ya same shi a kanta lokacin karatu, ya fizge wayarta, ya ƙwace ta, ya tsaya yana faɗa har jajayen haƙoransa na goro suka bayyana. Ya ce wanda ya zaɓi wasa ba shi da wurin zama a zaurensa. Abdulrasheed bai yi musu ba, ya tattara ya tafi Kalgo koyon gyaran rediyo. Tun daga nan sai gaisuwar Sallah, ita ma a tsaitsaye.

Yanzu ga tsohon yana kwance ba lafiya, Zahra'u na ta roƙo ya je. Ya ma yi niyyar zuwa ranar Juma'a. Sai ga kwali. Wato Malam na share gidansa ne, ba ya son ya bar ko tsinken ɗansa a ciki. Abin ya yi masa ciwo, amma ya gaji da jin ciwon. Ya fasa tafiyar a ransa.

Sai dai mai gyara ba ya iya ganin abu a lalace ya ƙyale. Ya jawo kwalbar sifirit na goge ƙarfe, ya naɗa auduga a tsinke, ya fara da bakin na'urar, inda ake cusa kaset. Madannan duk sun sule, wani har ya lotsa. Ya ɗora laifin a kan zafin ɗakin Malam, inda babu komai sai littattafai da ƙaramar talabijin ta kallon tafsiri.

Ya ɗauki kaset na farko. Ƙarafan bakinsa sun yi baƙi ƙirin. Ya san cutar: mutane in kaset ya ƙi kamawa sai su hura masa iska da baki, danshin numfashi ya zauna ya ci ƙarfen. Kullum yana hana masu kawo gyara, kullum suna yi. Amma shi bai taɓa hura waɗannan ba, sababbi aka ƙwace su.

Ya goga a hankali. Audugar ta fito ja. Ya sake wata, ita ma ja. Ya yi tsaki, don a iya saninsa tsatsar irin wannan ƙarfe kore take fitowa. Kaset na biyu haka, na uku ma ya fi.

Ya kai kaset ɗin bakin ƙofa wurin haske, ya sa tsinin allura ya ɓanɓaro abin da ya maƙale a lungu, ya murza a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya rufe shago, ya ɗaure kwalin a bayan babur, ya kama hanyar Gwandu.

Ɓarɓashin goro ne, shekara a kan shekara, kuma duk gidansu mutum ɗaya ne ke cin goro.