Saura Taya Ɗaya

Kai ma ka sha jin birki ya yi laushi, ka kau da kai.

"Taka! Riƙe! Saki!" Bakanike na kwance ƙarƙashin motar, yana kallon kumfa na fita cikin man birki.

"Maigida, ya isa haka," in ji direban. "Jama'a na jira."

"Taka na ce! Saura taya ɗaya."

Jiya direban nan ya roƙe shi ya cire iskar da ta shiga birkin. Bakaniken ya daki bayan motar yana dariya: "Je ka, malam, za ta kai ka!"

Ta kai shi ƙofar makaranta, ta ƙi tsayawa, ta buge yarinya. Yau a cikinta za a kai 'yar bakaniken makwancinta.

Tashi ka taka birkinka. In ya nutse, ajiye makullin.