Ƙasar Dutsen Mambila

Tukunyar shuka ta faɗo daga baranda hawa na uku. Kafin matar gidan ta sauko, mai shara ya kwashe ƙasar tas.

Ba ƙasa ce ta wasa ba a gidan nan na unguwar Fereej Abdel Aziz, can ƙasar Larabawa. Mijinta injiniya ne, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca a kanta. Daga dajin da ke bayan gonar mahaifinsa marigayi ya ɗebo ta, a saman Mambila. Baƙa ce saboda ruɓaɓɓen ganye, laushi kamar gari, tana riƙe ruwa, jar ƙasa tana ƙarƙashinta. Yakan shinshina ya ce, "Wannan ba ta da sa'a a duniya."

Abin da ya dace shi ne ta faɗa masa gaskiya. Amma tsoron fushinsa ya kai ta wurin masu sayar da shuke-shuke a garin Wakra, neman abin da za ta ruɗe shi da shi. Haka mutane suke.

Mai shagon Bahaushe ne ɗan zangon Kumasi. Ta nuna masa hoton tukunyar a waya, mijin na tsaye gefe a cikin hoton.

"Hajiya, ai wannan Alhajinmu ne! Tun da 'yan kwastan suka ƙwace ƙasar tasa a filin jirgi, nan yake saye. Ga buhunsa can, khalas, shi ke nan."

Ta dubi buhun, ta biya, ta ɗauka.

Da yamma mijin ya dawo ya tarar da sabuwar tukunya cike a baranda. Buhun kuwa, a ninke, yana kan matashinsa.