Akwatin Da Ba Ya Barci

"Batir ya sake mutuwa," in ji Darcy, yana harbin tayar injin girbi. Alkama ta bushe, ga hadari yana haɗuwa.

Mahaifiyarsa Glenys ta kurɓi shayinta. Tun da ta cika shekara saba'in ya hana ta tuƙi, ya maƙala wa injin wani ɗan akwati mai kai masa rahoto duk sanda aka tayar da shi.

Lachlan bakanike ya fito daga ƙarƙashin sitiyari. "Akwatin nan ne. Ko an kashe inji ba ya barci, wuta yake ta sha. Ko shi, ko girbinka."

"Tsige shi," in ji Darcy a fusace, ya tafi ɗauko sabon batir.

Lachlan ya rage murya. "Goggo, ni na ɗaura akwatin nan, kuma daidai na ɗaura shi. Wani ne ya mayar da wayar wutarsa kai tsaye kan batir. Aikin gwani ne kuwa."

"To wa ya koya maka riƙe sifanar kwance noti, in ba ni ba?" Glenys ta ajiye kofin. "Gonar nan da hannuna na share ta. Miƙo min makullin injin."