Burodin da Bai Gasu Ba

Matar ta tone tokar, ta zaro gwangwanin, ta buɗe. Ƙullun baƙin burodin yana nan yadda ta binne shi jiya, ɗanye sharaf.

Tun shekarar da dutsen tsibirinsu ya yi aman wuta ya haɗiye rabin ƙauyen, a nan take gashi. Mutane sun dawo sun kwashe toka, sun ɗora sabon rufi, tumaki sun koma kiwo, jiragen kamun kifi sun koma teku. Ita ma gwamnati ta ba ta sabon gida har da murhun lantarki. Amma duk mako sai ta hau baƙin tudun nan ta binne ƙullu a ƙasa mai zafi.

Maƙwabcinta, wani tsohon masunci, ya iso yana haki. Ya leƙa gwangwanin, ya dafa ƙasa, sai ya kwashe da dariya.

"Shegen dutsen ya huce! Yau sai an kaɗa ƙararrawar coci. To ke kuma mene ne na ɓata rai, sarkin rigima? Ba ga murhu can a gidanki ba?"

"Wancan na gwamnati ne," ta ce.

Ta zauna ta shimfiɗa tafin hannunta a kan tokar. Daidai nan, can ƙasa, ɗakin girkin tsohon gidanta yake binne, da teburin da marigayi mijinta ya sassaƙa, da ƙofar da ta riƙa zana tsayin 'ya'yanta a jiki.

"Duk shekarun nan ce wa kaina nake gidan yana nan, murhu kawai na bari a kunne," ta ce. "Yau kam ya mutu."