Yoyon Tirelata

Tun watan da na binne mijina, tirelar da muke yawo da ita muna kwana a cikinta take tsaye a wani sansanin matafiya a jihar Arizona, bututun ruwanta kuma kullum cikin yoyo, har na fara tunanin sayar da ita. Maƙwabcina Wendell, wanda shi ma ya rasa matarsa, ke gyarawa duk Asabar. Ban da shi, babu mai ƙwanƙwasa ƙofata.

"Marlene, akwalar nan ta girme ni."

"Ita dai ba ta da surutu. Sha kofinka."

Yau na hango shi ta madubi. Ya ɗaure bututun, ya waiga, sannan ya sassauta na kusa da shi.

Na gode wa Ubangiji a zuci. Ba zan sayar ba. Zan tara bokiti har Asabar.